Daga Cidambaram zuwa Kambirij: Rayuwar Venkatraman Ramakrishnan

A kudu maso gabashin Indiya, cikin jihar Tamil Nadu, akwai wani tsohon gari mai suna Cidambaram, wanda ya shahara da babban ɗakin bautarsa. A nan aka haifi Venkatraman Ramakrishnan a shekarar 1952. Mahaifinsa da mahaifiyarsa duka masana kimiyya ne, kuma yana ɗan shekara uku suka ƙaura zuwa Baroda da ke jihar Gujarat, inda ake magana da wani harshe daban da Tamilanci. Ke nan tun yana ƙarami ya ɗanɗana baƙunta a cikin ƙasarsa ta haihuwa. Na zaɓi tarihin wannan mutum ne domin yana ɗauke da tambayar da ke damun duk al'ummar da 'ya'yanta masu ilimi suke barin gida: idan masani ya yi fice a ƙasar waje, na wa ne shi, kuma wa zai ci moriyar aikinsa?

Farkon karatunsa bai nuna alamar inda zai ƙare ba. Ya zauna jarrabawar shiga manyan cibiyoyin fasaha na Indiya da ta kwalejin likitanci ta Vellore, bai samu gurbi ba. Ya karanta fiziks a Jami'ar Baroda, ya kammala a 1971, sannan ya tafi Amurka, inda ya sami digirin digirgir a Jami'ar Ohio a 1976. Sai dai zuciyarsa ta riga ta bar fannin. Maƙalun da yake karantawa a mujallar Scientific American sun nuna masa cewa manyan binciken zamanin suna fitowa ne daga ilimin halittu. Ya ajiye girman digirinsa, ya koma aji a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ya yi shekara biyu yana koyon sabon fanni tun daga tushe. A ganina wannan ne mataki mafi wuya a rayuwarsa, domin ba kowane mai digiri ne zai yarda ya sake zama ɗan koyo ba.

A 1978 ya shiga ɗakin binciken Peter Moore a Jami'ar Yale, a nan ya haɗu da abin da zai ci sauran rayuwarsa, wato raibozom. Bayanin gado da ke cikin DNA tamkar rubutaccen umarni ne, amma umarni ba ya aiwatar da kansa. Raibozom shi ne ɗan injin da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wanda yake karanta kwafin umarnin, yana jera sinadarai ɗaya bayan ɗaya har su zama furotin. Yana da ɓangare biyu: ƙarami mai karanta saƙo, da babba mai ɗinke sinadaran. Masana sun san aikinsa, amma ba wanda ya ga ainihin siffarsa, domin atom ɗin da suka haɗu suka gina shi sun kai dubban ɗaruruwa.

Bayan Yale ya nemi aikin koyarwa a jami'o'i kusan hamsin, ba wadda ta kira shi ganawa. Daga 1983 ya zauna a cibiyar bincike ta Brookhaven har tsawon shekara goma sha biyu. A tsakani ya je Kambirij ta Ingila na shekara guda, ya koyi dabarar gano siffar ƙananan abubuwa: a daskarar da su su zama ƙwayoyi irin na gishiri, a harba musu hasken eksire, sannan a lissafa matsayin kowane atom daga yadda hasken ya watsu. Ada Yonath ta Isra'ila ce ta fara samar da irin waɗannan ƙwayoyi daga raibozom tun wajen 1980, a lokacin da mutane da dama suke ganin aikin ba zai yiwu ba.

A 1995 ya zama farfesa a Jami'ar Utah. Bayan shekara huɗu ya koma ɗakin binciken ilimin halittu na Kambirij, duk da cewa albashinsa ya ragu ƙwarai, saboda cibiyar tana ba mai bincike damar ɗaukar shekaru a kan matsala guda. A shekarar 2000 shi da abokan aikinsa suka fitar da cikakkiyar siffar ƙaramin ɓangaren raibozom na wata ƙwayar bakteriya mai rayuwa cikin ruwan zafi, yayin da Thomas Steitz da Peter Moore suka fitar da ta babban ɓangaren. Amfanin aikin ya wuce ɗakin bincike. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da yawa, irin su sitireftomaisin da aka daɗe ana yaƙar tarin fuka da shi, da tetarasaikilin, suna aiki ne ta hanyar maƙalewa a raibozom ɗin bakteriya su tsayar da shi. Siffar ta nuna daidai inda suke kamawa, ta kuma taimaka wajen fahimtar yadda ƙwayar cuta take bijire musu.

A 2009 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai tare da Steitz da Yonath. Ya bi sahun Tamilawa biyu da suka riga shi, C. V. Raman a 1930 da Subrahmanyan Chandrasekhar a 1983. Indiya ta karrama shi da lambar Padma Vibhushan a 2010, Ingila ta ba shi muƙamin Sa a 2012, sannan ya shugabanci ƙungiyar masana ta Royal Society daga 2015 zuwa 2020.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na mai sha'awar adabi, shi ne alƙalaminsa. A littafinsa Gene Machine na 2018 bai zana masana a matsayin waliyyai ba. Ya bayyana gasa da kishi da fargabar kada wani ya riga ka, ya kuma soki tsarin kyaututtuka, musamman ƙa'idar Nobel da ta taƙaita masu karɓa ga mutum uku, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malaminsa Moore yana cikin waɗanda ƙa'idar ta bari a waje. A 2024 ya fitar da Why We Die, inda ya yi bayanin tsufa da mutuwa, ya kuma ja kunnen masu tallan tsawon rai ba da hujja ba.

To, na wa ne shi? Indiya ta haife shi ta ba shi digirin farko, Amurka ta horar da shi, Ingila ta ba shi lokaci da kayan aiki. Hukuncina shi ne, ƙasar da ta yi renon masani amma ta kasa tanadar masa wurin aiki tana da haƙƙin yin alfahari, tana kuma da dalilin yin nazari a kan abin da ya fitar da shi. Amma siffar raibozom da ya gano tana ajiye a rumbun bayanai na duniya, kuma ɗalibi a Cennai yana iya sauke ta kyauta kamar yadda ɗalibi a Kambirij zai yi.