Sansanin Elmina da garin da aka share daga gabansa

Duk wanda ya je Elmina a bakin tekun Gana, kamar kilomita 150 yamma da Akra, hanya guda ake bi da shi. Ɗan jagora zai shigar da shi tsakar gidan sansanin, ya nuna masa cocin 'yan Fotugal da aka mayar ɗakin ciniki, ya gangara da shi kurkukun maza da na mata, ya nuna barandar da gwamna ke tsayawa yana leƙen matan da aka tsare, sannan a ƙare a 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi. Babu ƙarya a cikin abin da ake nunawa. Inda gizo ke saƙar shi ne zagayen yana farawa daga bangon sansanin, kuma a bangon yake ƙarewa, sai baƙo ya fita da zaton ginin nan shi kaɗai ya ci kasuwarsa. Alhali a tsawon shekara 390, daga 1482 zuwa 1872, Turawan da ke ciki 'yan haya ne a ƙasar wasu, kuma ba su taɓa kwana lafiya ba sai da yardar mutanen da ke wajen bango.

Tun ranar farko haka abin yake. Da Diogo de Azambuja ya iso a 1482 bisa umarnin sarkin Fotugal João na Biyu, da magina da sassaƙaƙƙun duwatsu a jiragensa, sai da ya zauna ya nemi izinin sarkin wurin, wanda marubutan Fotugal suka kira Caramansa. Zinariya ce ta kawo su, ita ce ma ta sa suka raɗa wa wurin suna Mina. Zinariyar kuwa daga can cikin daji take fitowa, a hannun fataken Akan, waɗanda suka daɗe suna sayar da ita ga fataken Wangara masu kai ta arewa. Abin da ba kasafai ake faɗa wa mai ziyara ba shi ne, a shekarun farko bayi shigo da su ake yi Elmina. 'Yan Fotugal kan saye su a yankin masarautar Binin, su kawo su nan, fataken Akan su biya da zinariya don su sami masu dako da masu haƙa. Kurkukun da ake gani yau ma ɗakunan ajiyar kaya ne tun asali. Sai daga baya, da gonakin rake na nahiyar Amurka suka buɗe baki, aka zuba mutane inda a da ake jibge tufafi da tagulla.

Yaƙe-yaƙen sansanin ma shaida ne. A 1625 mutanen Holan suka kawo hari da babbar runduna, mayaƙan garin Elmina suka yi musu kwanton ɓauna suka karkashe su da yawa. A 1637 suka dawo daga Brazil, wannan karon da abokan ƙawance daga maƙwabtan garin, suka hau da igwa kan tudun Santiago da ke kallon sansanin, cikin 'yan kwanaki 'yan Fotugal suka miƙa wuya. Daga baya Holan ta riƙa biyan kuɗi a kai a kai ga sarkin masarautar Asante da ke Kumasi. Daga tsakiyar ƙarni na 18 Asante ta ɗora wa Gwanja da Dagomba harajin bayi, wasu daga cikin mutanen arewa da aka tara ta wannan hanya a bakin teku suka ƙare. Ƙasar Gwanja ɗin nan ita ce wadda ayarin Hausawa ke zuwa fataucin goro, kuma a kasuwar Salaga ba goro kaɗai ake ciniki ba.

To ina garin da ya yi wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da sansanin? Yana nan a gaban ƙofa, a kan zirin ƙasar da ke tsakanin teku da kogin Benya, sai dai fili ne fetal. Da Holan ta miƙa sansanin ga Ingila a 1872, sarkin Elmina Kobina Gyan ya ƙi amincewa, don garinsa abokin Asante ne tun kaka da kakanni. Aka kama shi aka kai shi Saliyo. Ranar 13 ga Yuni, 1873, Ingilishi suka yi wa tsohon garin ruwan wuta daga sansanin da kuma jiragen ruwa, aka ƙone shi ƙurmus, ba a kuma bari an sake gina shi ba. A cikin dakarun da suka yi wa Ingila yaƙi a ranar akwai 'yan sandan Hausa da aka kawo daga Ikko. Masu tonon kayan tarihi, musamman Christopher DeCorse, sun haƙo harsashin gidajen dutse da tangaran da duwatsun ado a ƙarƙashin filin nan da baƙi ke takawa suna sauri su sayi tikiti.

Akwai masu cewa irin wannan magana wanke Bature ce, kuma cin fuska ce ga jikokin bayi da ke tasowa daga Amurka da tsibiran Karebiyan don su yi kuka a kurkukun. Damuwarsu abar dubawa ce, domin an sha fakewa da cewa 'yan Afirka ne suka sayar da 'yan'uwansu don a toshe bakin masu neman diyya. Sai dai ambaton mai sayarwa ba ya rage wa mai saye komai. Kamfanin Holan da ke riƙe da sansanin ne ya ƙera sarƙa, ya ɗana wa mutane tambari da wuta, ya yi lissafin nawa za su mutu a teku, ya kuma yi ibada a ɗakin da ke saman kurkukun mata. Kuma kalmar 'yan'uwa ba ta zauna daidai ba: attajirin Elmina bai ɗauki ɗan Gurunshi da aka kamo daga arewa a matsayin ɗan'uwa ba, kamar yadda mahara a ƙasar Hausa ba su ɗauki waɗanda suke kamowa haka ba. Wanda ya fi cutuwa da gajeren labarin shi ne bawan kansa, domin an fara tarihinsa daga kurkuku, an yar da ƙauyensu da harshensa da doguwar tafiyar da aka yi da shi a ƙasa.

Saboda haka mai ziyara ya kamata ya ƙara awa guda a wajen bango. Ya tsallake gadar Benya inda kwale-kwalen masunta ke cunkushe, ya hau tudun Santiago zuwa sansanin Coenraadsburg da mutanen Holan suka gina don kada wani ya yi musu abin da suka yi wa 'yan Fotugal. UNESCO ta sa sansanonin biyu cikin kayan tarihin duniya a 1979. Daga can zai ga filin tsohon garin, ya kuma nemi unguwar da ake kira Tudun Java. Bayan Holan ta haramta cinikin bayi a 1814, ta ci gaba da neman mutane da sunan aikin soja, har ta ƙulla yarjejeniya da sarkin Asante Kwaku Dua a 1837. Tsakanin 1831 da 1872 an kwashi kimanin mutum 3,000 daga Elmina zuwa yaƙe-yaƙen Holan a Indunusiya ta yau, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka fanshe da bashin albashinsu. Waɗanda suka dawo da rai a wannan tudun aka ba su filaye, kuma a sansanin suke karɓar fanshonsu.