Dodannin da aka ƙera da hannu

Tun kafin kwamfuta ta shiga sana'ar silima, da hannu ake ƙera dodannin finafinan ban tsoro. Wannan fasaha ta bunƙasa a ƙasar Jamus, jim kaɗan bayan yaƙin duniya na farko.

A shekara ta 1920 Robert Wiene ya fitar da fim ɗin Caligari. Masu zane uku, Hermann Warm da Walter Reimann da Walter Röhrig, su suka gina garin da labarin ya gudana a cikinsa, a ɗakin ɗaukar hoto a Berlin. Karkatattun gidaje da tagogi masu tsini duk a kan ƙyalle aka zana su. Inuwa ma da fenti aka shafa ta a bango da daɓe. Da yake labarin daga bakin mai taɓin hankali yake fitowa, sai aka karkata garin kamar yadda tunaninsa ya karkace. A 1922 kuma Murnau, cikin Nosferatu, ya nuna inuwar mashayin jini tana hawan matakala, faratanta zaƙo-zaƙo, har ta fi mai ita ban tsoro.

Daga Jamus fasahar ta ƙetare teku zuwa Amurka. Karl Freund, gwanin ɗaukar hoto na Berlin, shi ya ɗauki Dracula a 1931. A shekarar ne kamfanin Universal ya fitar da Frankenstein. Kullum Jack Pierce yakan shafe kimanin awa 4 yana gina kan Boris Karloff da auduga da wani ruwa mai daskarewa, ya ɗora masa kakin da ke nauyaya fatar ido. Karloff da kansa ya cire haƙoransa na aro don kumatunsa ya lotsa. Tartsatsin da ya tashi gawar kuwa wutar lantarki ce ta gaske, daga na'urorin Kenneth Strickfaden.

Abin da ya sa waɗannan hotuna ke tada tsikar jiki har yau shi ne akwai abu na zahiri a gaban kyamara: nauyin takalman dodon yana cikin tafiyarsa, wahalar ɗan wasan tana kan fuskarsa. Aikin hannun kuma ya yi ƙarko. A 1974 Mel Brooks ya nemo na'urorin Strickfaden domin fim ɗinsa Young Frankenstein, aka kunna su, suka sake tartsatsi.