Yadda Ƙawa Ta Samu Shiga Ƙagaggun Labaran Hausa

A Ajingi da Gaya, kamar sauran ƙasar Kano, ba a kai amarya ɗakinta sai da babbar ƙawa. Ita ke raba goron gayyata, ita ke tsaye ranar kamu, da ita abokan ango ke ciniki wurin sayen baki. Bayan aure kuma ita ce abokiyar biki da adashi: abin da ta kawo ranar sunanki, ki ninka mata ranar nata. Wannan zumunci ya girmi boko. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa aminiyarta A'isha marsiyya. Baba ta Karo kuma ta ba Mary Smith labarin ƙawayenta dalla-dalla, a littafin da ya fito a 1954.

Amma a ƙagaggun labarai, ƙawa ta daɗe ba a yi da ita. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, duk maza suka rubuta. Mace a cikinsu ko uwa ce mai neman ɗanta, ko budurwar da maza ke rigima a kanta. Tatsuniya ma ba ta gyara ba, domin mowa da bora ta fi sani.

Sai a 1980 littafin Hafsat Abdulwahid, So Aljannar Duniya, ya fito daga kamfanin NNPC na Zariya. Daga nan abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da 'yan mata masu karatu har a ƙauyuka, matsin tattalin arziki kuma ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, aka sa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano.

A nan mata suka fara rubuta juna yadda suka san juna. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire Abu daga makaranta an yi mata auren dole, mace 'yar'uwarta ce kuma ta riƙe ta har ta koma karatu. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, ta bi wata hanyar: jarumanta masu ilimi ne da sana'a, suna shawara da aminansu, wani lokaci har kishiya ta zama abokiyar zama ta gaskiya. Akasarin waɗannan marubuta ba su ɗauko rajin 'yancin mata daga Turai ba. Da Alƙur'ani da hadisi suke kafa hujja kan ilimin 'ya mace da haƙƙin matar aure. Muguwar ƙawa ma ba ta ɓace ba, mai kai ki wurin boka ko ta aure miki miji.

An sha sukar littattafan da ɓata tarbiyya, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu a Kano. Marubutan ba su ajiye alƙalami ba. Sun haɗa kai a ƙungiyoyi irin su Kallabi da Mace Mutum, a 2016 kuma BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla. Yau labaran sun koma rediyo da WhatsApp, inda ƙawa ke tura wa ƙawa babi bayan babi.

Har yanzu dai soyayya da kishi ke cinye yawancin shafuka, ƙawa kuwa sau da yawa 'yar rakiya ce. Ya kamata marubutanmu su ba amincin mata littafi sukutum, domin masu karatu a Ajingi da Gaya sun riga sun san darajarsa.