Daga Karnukan Pavlov zuwa Azuzuwan Kaduna

Wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Rafin Guza da safe ya san yadda ƙarar ƙararrawar makaranta take sauya tafiyar yara. Wanda ke jan ƙafa sai ya zura da gudu, zuciya na dukan uku-uku, alhali babu wanda ya ɗaga masa bulala tukuna. Jikinsa ya riga ya haɗa ƙarar da abin da ke biyo bayan makara. Wannan koyo ta hanyar sabo shi ne ginshiƙin wata mazhaba da ta mamaye ilimin halayyar ɗan Adam kusan rabin ƙarni.

Asalinta daga Rasha ne. Ivan Pavlov, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, ya lura karnukansa kan fara dalalar da yawu da jin takun mai kawo musu abinci. Sai ya riƙa haɗa wata ƙara da abincin, har ƙarar kaɗai ta isa ta kawo yawu. A Amurka kuwa, a 1898, Edward Thorndike ya rufe kyanwoyi cikin akwatuna, ya gano cewa aikin da ya jawo daɗi shi dabba ke maimaitawa.

A 1913 John Watson ya yi shelar cewa masana su bar zancen abin da ke cikin zuciya, su tsaya kan ɗabi'ar da ido ke gani. A 1920 shi da Rosalie Rayner suka gwada haka a kan wani jariri da suka kira Albert. Duk lokacin da ya taɓa farin ɓera, sai su buga ƙarfe a bayan kansa. Yaron ya koma tsoron ɓeran, tsoron kuma ya bazu har ga zomo.

B. F. Skinner ne ya kai mazhabar cikin aji. A 1953 ya ziyarci ajin lissafi na 'yarsa, ya ga yara na daɗewa ba su san ko amsarsu daidai ce ba. Daga nan ya ƙera na'urar koyarwa mai rarraba darasi gutsure-gutsure, tana ba da sakamako nan take. Ra'ayinsa game da horo a fili yake: duka yana danne hali na ɗan lokaci, amma ba ya koyar da sabon hali.

Waɗannan sunaye sun iso mana ta hanyar horar da malamai. A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, domin samar da ɗimbin malaman da ake bukata. Har yau mai neman shaidar NCE sai ya karanta Pavlov da Skinner kafin ya riƙe alli.

Sai dai makarantar allo ta daɗe da sanin rabin wannan darasi. Almajiri yana farawa da babbaƙu, ya shiga farfaru, ba ya wanke allo sai ya biya wa malam ya amince. Idan ya sauke, a yi masa allon zayyana da walima. Matakai ƙanana, gyara nan take, lada a ƙarshe: tsarin da Skinner ya nema ke nan.

Ɗaya rabin shi ne muka ƙi ɗauka, a boko da allo baki ɗaya. Labarin Albert ya nuna tsoro ba ya tsayawa inda aka dasa shi. Yaron da ake duka kan jadawalin sau yana iya tashi da ƙin lissafi, da littafi, da malamin kansa.

Mazhabar ta ja baya bayan Noam Chomsky ya soki bayanin Skinner kan koyon harshe a 1959, domin yaro yakan furta jimlar da bai taɓa ji ba, balle a saka masa a kanta. Amma abin da ta tabbatar game da lada da horo yana nan. Malamin da ya haddace sunan Skinner ya ci jarrabawa, sannan ya shiga aji da dorina, bai fahimci abin da ya haddace ba.