Shekarar da Aka Yi Gardama a kan Sunan Yunwa

Kakanninmu ba sa barin yunwa ta wuce ba su raɗa mata suna ba. Ta 1913 zuwa 1914 suka ce mata Kakalaba. Ta 1984 kuwa, har gobe a Maradi da Damagaram El Buhari ake kiranta, don ta zo daidai lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya, hatsi ya daina haurowa. Kun ga a suna guda an adana shekara da dalili da wanda talaka ya ɗora wa laifi. Amma a 2005, kafin a kai ga raɗin suna, sai da aka yi gardama a kan ko za a ce mata yunwa ma.

Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta bi gonaki da makiyaya. Giɓin cimaka da aka ƙiyasta ya kai kusan tan 223,000, abin da bai kai a ce rumbun ƙasa ya ƙone ba. Hatsi na nan a kasuwa, farashi ne ya fi ƙarfin mutane. Ƴan kasuwa suka bi inda kuɗi yake, wato Najeriya, wasu maƙwabta kuma suka tsuke fitar da nasu. Makiyayi ya kai akuya kasuwa, kuɗinta bai sayi tiyar da ya saba saye ba.

Ana cikin haka, a farkon 2005, gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da sukari da ruwa da lantarki. Ƙungiyoyin farar hula suka haɗa gwiwa a kan tsadar rayuwa, suka cika titunan Yamai ranar 15 ga Maris, bayan mako guda kuma aka wayi gari kasuwanni a rufe. Aka kama jagororin, ciki har da Nuhu Arzika da Maru Amadu da Musa Cangari, aka rufe rediyon Alternative. A watan Afrilu magabata suka janye harajin daga kan madara da fulawa.

To, a ƙauye fa? A can tsarin hukuma shi ne sayar da hatsi a farashi mai rahusa, don kada rabon kyauta ya ɓata kasuwa. Sai dai wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, ko rahusar ma ba ya iya saye. Mata suka koma jiƙa anza. Likitocin MSF suka karɓi yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a shekarar, mafi yawansu a jihar Maradi, wadda muke kira rumbun ƙasa.

Me ya sa kalmar take da nauyi haka a kunnen masu mulki? Ku tuna ranar 15 ga Afrilu 1974, da Seyni Kunce ya kifar da Jori Hamani. Cikin hujjojin da sojoji suka bayar akwai yadda aka yi da taimakon cimaka lokacin fari. Tanja Mamadu na cikin hafsoshin da suka yi wannan juyin mulki, don haka ya san abin da yunwa ke yi wa kujera. Ga kuma wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai za ta karɓa a Disamban 2005. Sai aka zaɓi “ƙarancin cimaka”. Ƙaranci lissafi ne na ofis, ita kuwa yunwa tana sa a tambayi wa ya yi sakaci.

A nan ne ƴan jarida suka cancanci jinjina. Kafin 1990 bakin gwamnati kaɗai ake ji, Le Sahel a takarda, Muryar Sahel a rediyo. Jaridar Haske ta Ibrahim Shek Diop ta buɗe hanya a 1990, gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka biyo baya, suka miƙa wa manomi da mai tuwo-tuwo makirufo su yi magana da harshensu. A 2005 har cikin gidan gwamnati an samu masu ƙarfin hali: babbar editar Sahel Dimanche, Tchirgni Maïmouna, ta rasa kujerarta bayan jaridar ta buga rahoton yunwa. A watan Yuli hotunan da BBC ta ɗauko daga Maradi suka zagaya duniya, taimako ya fara shigowa, a watan Agusta aka shiga rabon kyauta. Abin takaici, ƴan gida sun faɗa tun bazara, ba a motsa ba sai da baƙo ya maimaita.

Mawaƙa ma da rabonsu. Tun fil azal makaɗan noma ke kambama jarumi su yi wa rago zambo, saboda haka maganar ciki ba baƙuwa ba ce a waƙa. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma, ƙungiyoyin rap irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass Wong suka riƙa rera zaman kashe wando da cin hanci da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, kaset da rediyo suna kai su kowace fada. Ba su sauke farashin gero ba, amma sun sabar wa kunnen matasa jin koke a fili.

A 2023 iyaka ta sake rufewa da takunkumin CEDEAO, shinkafa ta yi tsada, an kuma dakatar da wasu kafofin labarai. Mu da muke da biro da takarda, mu tambayi iyayenmu nawa suka sayi tiya a 2005, me suka ci, wane suna suka ba shekarar a garinsu, mu rubuta tun suna raye.