TSIBIRAI BIYU DA JIRGI ƊAYA: LABARIN ANNOBAR 1918 A SAMOWA

Ya ku 'yan makaranta, ku ɗauko taswirar duniya, ku dubi tsakiyar Tekun Fasifik, arewa maso gabas da ƙasar Niyu Zilan. Za ku ga waɗansu 'yan ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a kan tabarma. A cikinsu akwai tsibiran Samowa. Labarinsu na ke so in ba ku yau, domin a can ne aka gwada a fili abin da killace mai cuta ke yi, da kuma abin da rashin killacewa ke jawowa.

Mutanen Samowa kabila ɗaya ne, harshensu ɗaya, suna auren juna, suna ziyartar juna a kwale-kwale. Amma a shekarar 1899 manyan ƙasashe suka raba su biyu: Jamus ta ɗauki yamma, inda birnin Apiya ya ke a tsibirin Upolu, Amurka ta ɗauki gabas, inda tashar Pago Pago ta ke a tsibirin Tutuila. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, sai sojan Niyu Zilan suka ƙwace yamma daga hannun Jamus, aka ɗora Kanar Robert Logan ya riƙe ta. A gabas kuwa gwamna wani hafsan jiragen ruwan Amurka ne, sunansa John Martin Poyer.

To, a shekarar 1918, yaƙi na gab da ƙarewa, sai wata muguwar mura ta barke, ta gama duniya. Masana sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 50, watau fiye da waɗanda yaƙin kansa ya ci. Mu ma nan ba ta tsallake mu ba: jirgin ruwa ne ya kawo ta Ikko a watan Satumba, daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa ta hau Arewa. Likitocin wancan zamani ba su san ainihin abin da ke kawo ta ba, gama sai a 1933 aka gano ƙwayar murar mutane a Landan. Yau mun san wata 'yar ƙwaya ce da a ke kira bairos, wadda ke fita tare da tari da atishawa da numfashi. In ta shiga jiki ta kan yi kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ta nuna kanta, kuma mutum ya kan fara ba waɗansu tun kwana guda kafin shi kansa ya ji zazzaɓi. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne mabuɗin labarin duka: wanda ya zauna da mai cuta ya zama abin tsoro, ko da yana jin garau.

A ƙarshen Oktoba wani jirgi mai suna Talune ya taso daga birnin Oklan na Niyu Zilan, inda cutar ta riga ta kama. Ya biya ta Fiji, sa'an nan ya iso Apiya ran 7 ga Nuwamba, 1918, da marasa lafiya a cikinsa. Hukumar Niyu Zilan ba ta aika wa Apiya gargaɗi ta wayar iska ba, likitan tasha bai san abin da ke faruwa a Oklan ba, waɗanda ke cikin jirgin kuma ba su fayyace masa gaskiya ba. Sai aka ba da izini, fasinjoji suka sauka, kowa ya nufi ƙauyensu, dangi suka taru ana marhabin. Kwana huɗu bayan haka aka tsai da yaƙi a Turai, duniya na murna, Samowa ta Yamma kuwa ta shiga uku.

Cikin 'yan makonni gidaje suka cika da masu jinya, ba mai ɗebo ruwa, ba mai zuwa gona, ba mai hura wuta. Waɗansu ba cutar ce ta kashe su ba, yunwa ce da rashin mai kula. Aka rasa masu haƙa kabari ɗai-ɗai, sai a mota a ke kwasar gawawwaki a zuba a rami guda. Kafin wata biyu mutum wajen 8,500 sun mutu, watau kashi 22 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Ku duba ajinku: in ku 45 ne, ku cire 10. An lissafa cewa kashi 30 cikin 100 na maza baligai sun tafi, da kashi 22 na mata, da kashi 10 na yara. Hakimai da dattawa masu riƙe da tarihin kakanni suka ƙare tare.

Yanzu mu ƙetara gabas. Gwamna Poyer yana jin labarin annobar ta wayar iska, bai jira ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kafa doka cewa duk jirgin da ya zo sai an tsare shi, ba mai sauka ya cuɗanya da mutanen gari. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun 1377 birnin Raguza, a bakin Tekun Adiriyatik, ya ke tsare matafiya kwana 30 saboda annoba, daga baya mutanen Benis suka mai da shi kwana 40, kuma daga kalmarsu ta arba'in ne Turawa suka samo sunan da su ke kiran killacewa da shi.

Amma tsare babban jirgi abu ne mai sauƙi. Abu mai wuya shi ne kwale-kwalen da ke tasowa daga Upolu, ɗauke da masu gudun mutuwa. Su wane ne a ciki? Kawu ne, da gwaggo, da suruki, da ɗan ƙane. Gwamna ba shi da sojan da zai tsare kowace gaɓa, saboda haka ya nemi hakiman ƙasar, su kuwa suka yarda, suka sa mutanensu sintiri a bakin teku, suna hana kowa sauka. Ku auna nauyin wannan a zukatanku. Mu kan ce zumunta a ƙafa ta ke, su ma mutanen Samowa haka su ke girmama baƙo da dangi. Duk da haka suka daure, domin sun gane cewa in mutum ɗaya ya sauka, ƙauye guda zai kwanta.

Kada ku ɗauka Poyer ya rufe ƙofa ya juya baya. Ya aika wa Apiya cewa a shirye ya ke ya ba da taimakon ma'aikatan jinya. Logan bai karɓa ba, har ma ya sa aka yanke wayar iska tsakaninsa da Pago Pago. Taimakon kirki bai iso ba sai farkon Disamba, da jirgin yaƙin Ostareliya mai suna Encounter ya kawo likitoci, a lokacin kuwa cuta ta riga ta yi ɓarnarta. Da na sani ƙeya ce.

Da ƙura ta lafa aka yi lissafi. A Samowa ta Amurka, mai mutum wajen 8,000, ko mutum ɗaya annobar ba ta kashe ba. Amurka ta ba Poyer lambar girma. A yamma kuwa kwamitin bincike ya zauna a 1919, ya tabbatar cewa ba a san annobar a ƙasar ba sai da Talune ya zo, ya kuma ga laifin hukuma. Logan ya bar ƙasar a wannan shekara, bai koma ba. Ɓacin ran jama'a bai kwanta ba, ya shiga cikin dalilan da suka ƙarfafa ƙungiyar Mau mai neman mulkin kai, har ƙasar ta sami 'yanci ran 1 ga Janairu, 1962. A 2002 Firayim Ministar Niyu Zilan, Helen Clark, ta je Apiya ta roƙi gafara. Da cutar korona ta zo a 2020, Samowa ta rufe tasoshinta tun watan Maris, cutar ba ta yaɗu cikin jama'arta ba sai a 2022.

To, mene ne rabonku a nan, ku da ba gwamnoni ba? Kowane ɗayanku jirgi ne, gidanku da ajinku kuwa tsibiri. In ka kwana ɗaki ɗaya da mai mura mai tsanani, faɗi gaskiya ga malaminka ko iyayenka, kada ka yi irin ta mutanen Talune. Ka lura da jikinka 'yan kwanaki, ka nisanci tsofaffi da jarirai da mata masu ciki. In zazzaɓi da tari sun zo, zauna gida, ka keɓe a ɗaki, ka buɗe taga, ka rufe hanci da baki, ka wanke hannu da sabulu, ka ware ƙoƙon shanka. Babba ya kan iya ba da cutar har kwana 5 zuwa 7 bayan ta kama shi, yaro kuwa fiye da haka. In numfashi ya yi wuya, sai asibiti ba da jinkiri ba. Ku kuma masu lafiya, ku tuna da waɗanda yunwa ta kashe a Upolu: wanda ya keɓe kansa dominku, hakkinsa ne ku kai masa tuwo da ruwa bakin ƙofa, ku gaishe shi daga nesa.

Mutanen Tutuila sun yi haƙurin rabuwa da danginsu na ɗan lokaci, suka tsira da 'ya'yansu. Mutanen Upolu ba a ba su labarin da za su yi wannan zaɓi ba. Ku an ba ku. Allah ya kiyashe mu da annoba, amin.