Tsohuwar Gingimari: Me Ya Sa Ta Ƙi Mutuwa?

A wannan makon tarihinmu zai tsaya ne a Ƙofar 'Yandaka, ƙofar da Lugga ya bi ya shiga birnin Katsina a 1903. Sai dai ba zancen Turawa ya kawo mu ba. Zancen tsofaffin manyan motocin nan ne masu bodin katako, da har yau suke bi ta wurin ɗauke da itace da hatsi, wasunsu sun girmi direbobinsu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma layinsa bai zo birnin Katsina ba. Don haka gyaɗa da auduga da fatu sai a bayan raƙumi da jaki, daga baya kuma babbar mota ta karɓi aikin. Bedford ta Ingila ta yi zamaninta, ana harhaɗa ta a Apapa. Sannan Marsandi 911 mai gajeren hanci ta biyo baya, wadda kamfanin ANAMMCO da aka buɗe a Inugu a 1980 ya riƙa harhaɗa irinta.

Sirrin daɗewarsu yana ƙarƙashinsu. Shasin kamar tsani yake: dogayen ƙarafa biyu a kwance, an haɗe su da gajeru ta hanyar kusoshi da notuna. A kansa ake ɗaure inji da giya da sifirin, kowanne daban. Bodi kuwa ba ya zuwa da motar, kafintocinmu ne ke gina shi da katako. Idan hanya ta yi gargada, shasi ya ɗan murɗa, katako ya bi shi. Idan ya ruɓe, a sauke a ɗora sabo.

Haka ma kayan gyara. Lambar 911 na nufin nauyin tan 9 da ƙarfin doki kusan 110, ita kuwa 1113 tan 11 da doki 130. 'Yan gida ɗaya ne, injinsu ma ɗaya ne, OM352. Shi ya sa in guda ta mutu, sai ta zama rumbun kayan gyara ga 'yan uwanta.

Amma ba kowane abu da ya shiga ne ya dace ba. Tsofaffin kanikawa sun san cewa yi wa leɓen shasi walda ko huda shi yana sa ya tsage. Sun kuma san cewa ɗora babban inji a kan birkin ƙaramar mota sayen ajali ne.

Wannan ilimi a ka yake, kuma masu shi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mu marubuta mun rubuta tarihin sarakuna da na ganuwa, mun manta da mutanen da suka riƙe cinikin garin nan da sifana. Duk mai kaka direba ko makaniki, ya zauna da shi ya ɗauki bayaninsa tun yana raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu.